Sana'ar Sayar da Katunan 'Yan Wasa ta Intanet da Yadda Ake Ɗaukar Hotonsu

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya mazauna Amurka ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan zaure cikin ƙoshin lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Ranar da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce kwamiti yana so in yi magana a kan sana'ata, sai na tambaye shi ko kuskuren lamba ya yi. A ajinmu kaɗai akwai likita, akwai alƙali, akwai manyan ma'aikatan gwamnati, ni kuwa kati nake sayarwa. Na ga malaminmu na addini ya gyara zama. Allah ya gafarta malam, ba karta ba ce, kada a sake kai ni ofishin firinsifal da furfurata. Sakatare ya ce ai saboda haka ake so in zo, domin ƙannenmu da 'ya'yanmu da yawa sun gama karatu suna zaune, ya kamata su ji cewa akwai hanyoyin neman halaliya waɗanda ba a rubuta su a allo ba. To, ga ni.

Waɗanda muka yi zaman ɗakin kwana tare za su tuna da 'yan hotunan nan da muke samu a cikin takardar cingam, mu tara su a ƙasan akwatin ƙarfe, mu yi musaya da su bayan an tashi daga cin gabza. Wanda aka kama yana kallonsu a aji kuma ya san sauran. To, irin wannan abin ne Turawa suka mayar da shi babbar kasuwa. Asalinsa tun ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin da kamfanonin taba suka riƙa sa ɗan kwali a cikin fakiti don kada sigari ya karye, daga baya suka ga ya fi kyau a buga hoto a kan kwalin. A Amurka hotunan 'yan wasan besbol suka fi sawa, wato wasan nan nasu da ake dukan ƙwallo da kulki. Bayan haka kamfanonin cingam suka karɓi abin. A 1957 kamfanin Topps ya tsayar da girman katinsa a kan inci biyu da rabi a faɗi, inci uku da rabi a tsawo, wato kimanin santimita 6.4 da 8.9, kuma yawancin katuna har yau a kan wannan awo suke. A Italiya kamfanin Panini ya fara fitar da littafin manna hotunan gasar cin kofin duniya a 1970. Da Nijeriya ta je gasar a karo na farko a 1994, shekarar da Rashidi Yekini ya ci wa ƙasar ƙwallonta ta farko a wasan da ta doke Bulgeriya da ci 3 da nema, 'yan wasanmu ma sun shiga wannan littafi. A Japan kuma aka fito da katunan Pokémon a 1996, waɗanda yara da manya suke rububinsu.

Yanzu bari in faɗi kuɗin da ke sa mutane buɗe baki. A 2022 an sayar da katin wani ɗan besbol, Mickey Mantle, wanda Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. A wannan shekarar dai an sayar da katin Honus Wagner, wanda wani kamfanin taba ya fitar tsakanin 1909 da 1911, a kan dala miliyan 7.25. Na ga ma'ajin ƙungiya ya ciro biro. Mayar da shi aljihu, ɗan'uwa, ni ban taɓa riƙe irin waɗannan ba. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan katunan da ke duniya ba su kai dala guda ba, musamman waɗanda aka buga daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, lokacin da kamfanoni suka cika kasuwa da su har suka zama kamar ƙasa. Mai irin sana'ata da kaɗan-kaɗan yake tara ribarsa, kamar mai sayar da ƙuli-ƙuli. Saboda haka babban jarinsa shi ne lokacinsa.

A kasuwar Kurmi mai saye yana ɗaukar kaya ya juya, ya shafa, ya ɗaga a rana. A intanet kuwa, a kasuwanni irin su eBay da aka kafa a 1995, wanda zai saya yana iya kasancewa a Jamus ko Ostareliya. Hoton da ka ɗauka shi ne idonsa, shi ne kuma hannunsa. Ga inda wahalar take: ana so hoton ya nuna gaskiyar kati ciki da bai, ana kuma so a ɗauke shi da sauri. Malaminmu na lissafi yana nan, bari ya duba ni. Idan kana da kati 1,000, kowanne ya ci maka minti uku wajen ɗaukar gabansa da bayansa da gyara da sa suna, minti 3,000 ke nan, wato awa 50. Idan a misali ribar kowane kati rabin dala ce, ka yi aikin fiye da mako guda a kan dala 500, kuma sai an sayi dukansu, abin da ba ya faruwa. Haka na yi shekarata ta farko, ina ta aiki kamar jakin Kano, aljihu kuwa fayau. Abin da na koya daga baya shi zan ba ku a taƙaice, mataki biyar.

Mataki na farko shi ne tantancewa, tun kafin a kunna kowace na'ura. Ana duba darajar kati ne daga farashin da aka riga aka sayi irinsa, domin kasuwannin suna nuna wannan. Kada a kula da kuɗin da wani ya yi wa nasa suna, kowa yana iya cewa akuyarsa ta kai kuɗin raƙumi. Daga nan sai a kasa katunan kashi uku. Kashi na farko marasa daraja, waɗannan a haɗa su ƙungiya-ƙungiya ko shekara-shekara a sayar a dunƙule, hoto ɗaya ya ishi tari guda. Kashi na biyu matsakaita, su ne ake ɗauka da yawa a lokaci guda amma a sayar ɗai-ɗai. Kashi na uku masu tsada, waɗanda ba su da yawa, su ne suka cancanci a zauna musu. Wannan rarrabewa kaɗai ta rage mini fiye da rabin wahalata.

Mataki na biyu shi ne sanin na'urar da ta dace da kowane kashi. Wadda na fi dogara da ita ita ce sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, irin wadda kuke gani a shagunan kwafe takardu. Gilashinta yana ɗaukar takarda mai santimita 21 da 29.7. Ku jera kati uku a faɗi, santimita 19.2 ke nan, uku a tsawo kuma 26.7. Ashe kati tara suna shiga a tashi ɗaya, har da 'yar tazara a tsakaninsu. Katin nan 1,000 sun koma tashi 112 na gaba, 112 na baya. Ni na yanka kwali mai tagogi tara na aza a kan gilashin, kowane kati ya faɗa tagarsa, ba sai na tsaya miƙe shi ba. In an gama gaba, sai a juya kowanne a cikin tagarsa, kada ya canja wuri. A bayansu kuma a shimfiɗa baƙar takarda, domin yawancin katuna farin gefe gare su, idan bayan ma fari ne ba za a ga inda kati ya ƙare ba. Manhajar kwamfuta za ta yanka hoton gida tara da kanta, amma a umarce ta ta bar ɗan baƙi a kewaye, don kusurwoyi huɗu su fito sarai.

Sai maganar kaifin hoto, wanda ake aunawa da yawan ɗigo a kowane inci. Idan aka sa 300, kati zai fito da ɗigo 750 a faɗi, 1,050 a tsawo, wannan ya ishi ƙananan katuna. Idan aka sa 600, zai fito da 1,500 da 2,100, mai saye zai iya faɗaɗa hoton ya ga ƙaramin tabo. Wuce haka ɓata lokaci ne da cika kwamfuta. Har ila yau sikana iri biyu ce. Akwai siririya mai araha wadda ake ce wa idonta CIS, ita ba ta gani sosai sai abin da ya manne da gilashi. Akwai mai kauri mai ido CCD, wadda take iya hangen abin da ya ɗan ɗaga sama. Katin da aka rufe a cikin gidan roba mai tauri ba ya taɓa gilashi, don haka a siririyar dishi-dishi zai fito. Da na san wannan tun farko da ban sayi na'ura sau biyu ba.

Akwai kuma sikana mai jan takarda da kanta, irin ta manyan ofisoshi, wasu suna cin takarda 70 a minti guda, gaba da baya a tare. Manyan dillalai da ita suke aiki, kuma babu shakka tana da sauri. Sai dai tayoyin roba ne suke jan katin. Wata rana na yi ganganci na zuba mata wani kati mai ƙyalli wanda na sa rai zai biya mini kuɗin haya, ya fito da zane tun daga sama har ƙasa, saboda ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a taya. Garin gyaran gira na rasa ido. Tun ranar ban sake ba ta wani abu ba sai kashi na farko da ƙananan na biyu. Su kuwa katuna masu ƙyalli, ko a shimfiɗaɗɗen gilashi ma baƙi suke fitowa, domin hasken na'urar yana zamewa a kansu. Maganinsu wayar hannu. A kafa ta a kan wani abu da zai riƙe ta tana kallon ƙasa tsaf, a sa fitila biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a karkace, a lulluɓe kowace da farin ƙyalle don hasken ya yi laushi, a kashe walƙiyar wayar. A yi wa wurin ajiye kati alama, sai dai a ɗauke wannan a aza wancan.

Mataki na uku tsabta. Mu da muka san hunturu ba sai an yi mana bayanin ƙura ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan gilashi za ta fito a hoto ɗari a matsayin tabo, mai saye ya ɗauka lahanin kati ne ya rage maka kuɗi, alhali katinka lafiya lau. A riƙa goge gilashi da tsumma mai laushi bayan kowane 'yan tashi, a wanke hannu a busar, a kama kati ta gefe da gefe. Da an gama ɗaukar hoto sai a zura shi a 'yar ledarsa, mai tsada kuma a ƙara masa gidan roba. Kada a ci ƙosai a kan teburin aiki. Wannan doka ni na kafa ta, ni na fara karya ta.

Mataki na huɗu shi ne suna da jeri, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Kowane kati a ba shi lamba, hoton gabansa ya zama 0001a, na bayansa 0001b, a kuma jera katunan a kwali bisa wannan lamba, kamar yadda ake jera sunayenmu a rajistar aji. Sannan a buɗe jadawali a kwamfuta mai layin lamba, shekara, kamfani, sunan ɗan wasa, lambar da aka buga a bayan katin, halin da yake ciki, farashi, da kwalin da yake. Kasuwannin suna karɓar irin wannan jadawali su baje kaya ɗaruruwa a lokaci ɗaya, ba sai an rubuta ɗai-ɗai ba. Kafin in koyi haka, an taɓa sayen wani kati na dala uku a wurina, na kwashe daga magariba har tsakar dare ina zazzage kwalaye ina nemansa. Uwargida ta ce in ba mutumin dala ukunsa daga kuɗin cefane mu samu barci.

A kula da rubuta suna daidai, domin da suna ake nema, kuma eBay harafi 80 kawai yake ba ka na kanu. Ga misali daga gida. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets ta ɗauka a 1984, katinsa da kamfanin Fleer ya buga a 1986 Akeem aka rubuta a kai, domin sai a 1991 ya gyara rubutun sunansa. Mai wayo yakan sa duka biyun a kanu, don duk wanda aka nema a same shi.

Mataki na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne gaskiya. Masu wannan harka abu huɗu suke dubawa: ko hoton yana tsakiyar kati daidai, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da santsin fuska. Akwai kamfanoni masu tantance kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kamar PSA da aka kafa a 1991, kuma tsakanin maki 9 da 10 kuɗi yana iya ninkawa sau da yawa. Inda ƙaramin abu yake jawo babban kuɗi, nan shaiɗan yake shimfiɗa tabarmarsa. Katin da PSA ya fara tantancewa wani katin Honus Wagner ne da aka saya dala 451,000 a 1991, aka ba shi maki 8. A 2013 wani babban dillali ya amsa a gaban kotun Amurka cewa shi ya datse gefen wannan kati don ya yi kyan gani. Shekara ashirin da 'yan kai, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu ƙanana ba ma datse kati, amma kwamfuta tana iya yi mana irin wannan aiki cikin daƙiƙa: a ƙara haske, a share tabo, a yanke hoton daidai inda kusurwa ta lanƙwashe. Wani lokaci ma sikana da kanta take ɓoye lahani, domin haskenta yana shafe ƙaramar karaya. Ya taɓa faruwa da ni. Na ga wata siririyar karaya a wani kati da idona, hoton bai nuna ta ba, zuciya ta ce ai ba kai ka ɓoye ba, na'ura ce. Na yi shiru na sayar. Mutumin ya maido da kati, na biya kuɗin aike zuwa da dawowa, ya kuma rubuta abin da ya gani a inda duk mai son sayen kayana zai karanta. Na yi watanni ina jin ciwon wannan rubutu a cinikina. Daren da abin ya faru ba abin da na tuna sai darasin da malaminmu na addini ya yi mana a aji uku, na mai hatsin nan da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi, ya hane shi, ya nuna masa a sama ya kamata ya sa jiƙaƙƙen mutane su gani. Malam, na ci jarrabawar a takarda, amma sai da na yi asara na gane karatun. Yanzu duk katin da yake da lahani nakan karkata shi a haske in ɗauki lahanin shi kaɗai, in kuma rubuta shi. Abin mamaki, masu dawowa su sake saye a wurina yawancinsu waɗanda na nuna wa lahani ne.

Ƙannena matasa, kada in yaudare ku. Katunan nan da masu sayensu galibi a Amurka da Turai da Japan suke. Wanda yake gida dole ya fara binciken yadda kuɗi zai iso hannunsa, da nawa aike zai ci, da kason da kasuwar za ta cire, wanda yakan haura kashi goma cikin ɗari, tun kafin ya sayi na'ura. Idan kuɗin aike ya fi kuɗin kaya, babu ciniki. Amma aikin hannun da na bayyana ya wuce kati. Da shi ake ɗaukar tsofaffin kan sarki, da katunan gaisuwa masu hoton garuruwa, da takardun fam da sulai na kafin zuwan naira a 1973, duk kuma akwai masu tara su. Akwai gidaje da ofisoshi cike da hotuna da takardu waɗanda gara take ci, masu su suna neman wanda zai adana musu a kwamfuta su biya shi.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Jiya shugaban makaranta ya buɗe mini wani kabad a ofishinsa. Hotunan aji-aji ne, da na 'yan ƙwallo, da na ranar ba da kyaututtuka, wasu sun manne da juna, wasu ɓera ya ci gefensu. Na ga hoton ajinmu, mutum huɗu a layin baya na kasa tuna sunansu, biyu a layin gaba kuma ba su da rai. Idan dattawan da ke wannan zaure suka kau, babu mai iya cewa wane ne wane. Na zo da sikana guda, na bar wa makaranta ita. Ina roƙon ƙungiya ta zaɓi matasa uku in zauna da su kwana biyu kafin in koma, mu ɗauki hotunan gaba da baya, mu ba su lamba. Iyayenmu malamai kuma, ku za ku zauna ku faɗa mana sunayen, domin ku ne kuka kira su a rajista shekara biyar.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Abin da na faɗa daidai, tarbiyyar malamaina ce, wanda na kuskure kuma a yafe mini. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ba 'ya'yanmu abin yi mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.